Mu bakwai ne a guruf, yanzu ana so a buɗe wa kowa ƙofa

Wasiƙar wannan makon daga Tudun Wadan Zariya ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata shida da aure, ɓari uku na yi, har yanzu Allah bai ba ni rayayye ba. Bayan na biyun na shiga wani babban guruf na mata a Facebook na faɗi damuwata, ina neman addu'a da shawara. Wasu sun yi mini addu'a, wasu kuma suka ce ƙwayar hana haihuwa na sha tun ina budurwa, wata ta ce in sakar wa bawan Allah mara ya ƙaro aure. Ba a yi kwana uku ba aka ɗauki hoton rubutun aka tura wa ƙanwar mijina. Tun ranar ban ƙara rubuta komai a can ba. Sai wata ƙawata ta buɗe mana ɗan guruf a WhatsApp, mu bakwai da muka yi karatu tare a Kongo, nan Zariya. Shekara biyu ke nan, nan nake kuka, nan nake dariya. Yanzu ita wadda ta buɗe ta ce za ta zuba duk 'yan ajinmu, sun fi sittin, a riƙa adashi da tallar atamfa da turaren wuta. Na kasa ce mata a'a tunda ita ta kafa. Biyu daga cikinmu sun ce mu buɗe wani a ɓoye mu bar mata wannan. Sannan ina tsoro, abin da muke faɗa a kan mazajenmu giba ne? Kuma da gaske babu mai iya ganin hirarmu?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya mayar miki da alheri, Ya sa waɗanda kika rasa masu ceto ne, Ya ba ki rayayyu masu albarka.

Amsata a gajarce ita ce, kada ki yarda a buɗe guruf ɗin nan, kada kuma ki yarda a kafa wani a bayan idon ƙawarki. Ki same ta ki faɗa mata gaskiya baki da baki.

Amma bari in fara da abin da aka yi miki a Facebook, don na lura har yanzu kina ganin kamar wauta kika tafka. Mace ta yi ɓari ta nemi wanda zai ce mata sannu, ina wautar take? Wurin da kika kai kukan ne ba don jaje aka gina shi ba. Kamfanin da talla yake cin abinci, tallar kuma tana tafiya ne da daɗewar da mutum ya yi yana dangwalar waya, abin da ya fi riƙe mutane kuwa rigima ce. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, aka ga cewa tun daga 2017 tsarin da ke zaɓen abin da za a nuna wa jama'a yana ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, maki ninki biyar a kan layik. Daga baya sun rage, amma ki duba inda hankalinsu ya fara zuwa. Matar da ta ce ƙwaya kika sha, maganarta ta jawo masu mayar mata da martani, masu martanin suka jawo 'yan kallo, sai aka ƙara tura rubutun naki gaba. Ita ba ta san ki ba. Ba za ku haɗu a gidan suna ba, ba za ta gaishe da mahaifiyarki a hanyar Islamiyya ba, saboda haka kunya ba ta da inda za ta kama ta. Da a gabanki take, da kyar ta iya furta rabin abin da ta rubuta. Kuma tunda maganar ta zo, ki cire ta a ranki: shan maganin tsarin iyali a baya ba ya jawo ɓari, balle ke da ba ki sha ba.

Ba ke kaɗai kika gudu ba. Jama'a da yawa sun daina faɗin abin da ke ransu a fili, sun koma ƙananan hirarraki da waɗanda suka sani. Shi kansa Mark Zuckerberg, mai Facebook ɗin, ya rubuta a watan Maris na 2019 cewa can mutane suka dosa, can kuma kamfaninsa zai bi su. Don haka abin da kuka yi ku bakwai hankali ne, kada wani ya sa ki ji kamar rowar zumunci kuke yi.

Ki dubi tsohon gida a cikin birni, a Kwarbai ko Unguwar Juma. Baƙo a zaure yake tsayawa. Wanda aka saba da shi ya wuce shigifa. Tsakar gida ta 'yan gida ce, ɗakin uwargida kuwa sai wadda ta ce wa shigo. Duk mutanen arziki ne, na zauren da na ɗakin, amma kowa da iyakarsa, kuma ba a taɓa cewa mai gidan ya wulaƙanta baƙo don ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ba. Guruf ɗinku ɗaki ne. Abin da ƙawarki take so ta yi shi ne ta shigo da mutum sittin har bakin gado, alhali zaure ya ishe su, kuma su ma sun fi sakewa a can.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford ta Ingila, Robin Dunbar, da ya daɗe yana nazarin yawan mutanen da mutum ɗaya zai iya riƙe hulɗa ta gaskiya da su. Ya ce kamar 150 ne, amma a cikinsu na jiki sosai, waɗanda za ki kira da tsakar dare, ba su wuce biyar ba, sai masu bi musu kamar goma sha biyar. WhatsApp ya yarda a zuba mutum 1,024 a guruf ɗaya, sai dai zuciya ba ta san da wannan lissafin ba. Ku bakwai kun riga kun cika ma'auni.

In aka zuba su, ga yadda za ta kaya. Ranar farko sallama da murna da tsofaffin hotunan makaranta. Sati na biyu hotunan atamfa da leshi, barka da Juma'a kala ashirin, bidiyon wa'azi, da cigiyar wadda ba ta zuba adashi ba. Kafin wata ya zagayo, ku bakwai kun yi gum. Ba wanda zai hana ku magana, ku da kanku za ku haɗiye, domin a cikin sittin ɗin nan akwai wadda take aure a dangin mijinki, ko ƙanwarta take. Kin san Zariya. Daga Samaru zuwa Gyallesu, in aka bi salsala sau biyu sai an tarar da ɗan'uwa. Ko da sababbin ba su ga tsofaffin saƙonninku ba, wurin da kike sauke nauyi ya tafi ke nan, kuma irinsa ba ya samuwa da an nema. Shekara biyu kuka yi kuna gina shi.

Yanzu ita ƙawar taki. Ina roƙonki kada ki kalle ta a matsayin wadda ta ci amana. Ita ce ta ga halin da kike ciki ta buɗe miki wurin fakewa lokacin da duniya ta yi miki zafi. Yau ita ma tana da tata buƙatar. Kowa ya san yadda albashi yake ƙarewa kafin wata ya raba, mace mai 'yar sana'a kuma dole ta nemi inda za ta baje kayanta. Kasuwa take nema, kuma ba ta tsaya ta yi tunanin abin da kasuwar za ta ci ba. Wataƙila ma ita ba ta zuba cikinta a guruf ɗin kamar yadda kike zubawa ba, shi ya sa ba ta ga girman abin ba.

Kada ki rubuta mata a guruf, kada ki tura saƙon murya. Ki shirya ki je gidanta, zumunci a ƙafa yake. Ki fara da godiya, godiya ta gaskiya, ki tuna mata ranar da ta buɗe shi da halin da kike ciki a lokacin. Sannan ki ce mata wani abu kamar haka: "Wallahi shawarar haɗa 'yan aji ta yi, kuma ke ce kika dace ki riƙe. Mu buɗe sabo da sunan ajinmu, ni ce ta farko da za ki sa, da ni za a fara adashin. Amma wannan namu ki bar mana shi yadda yake, don akwai abin da na faɗa a ciki wanda ko Umma ban faɗa wa ba." Buɗe sabon guruf ba ya cin minti biyu, ba ya cin ko sisi. Ba ta rasa komai ba, ta sami kasuwarta, ta kuma ji cewa abin da ta kafa yana da daraja a wurinki. In kina da hali, ki sayi turaren wutar nan kafin ki fito.

Shawarar su biyun kuwa, ta a buɗe wani a ɓoye, ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Manzon Allah (SAW) ya ce idan kuna ku uku, kada biyu su keɓe da ganawa su bar ɗaya, domin hakan yana baƙanta masa rai. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. To ku shida ne za ku keɓe ku bar ɗaya, ɗayar ma wadda ta tara ku. Kuma ba zai ɓoyu ba. Wata rana wata za ta yi kuskure ta tura amsar can a nan, ko a haɗu a biki wata ta ce "kamar yadda kika faɗa jiya" alhali ita ba ta ga an faɗa ba. Ranar da ta gane, abin da za ta ji shi ne irin abin da kika ji ranar da aka tura wa ƙanwar mijinki hoton rubutunki. Banda haka, sabon guruf ɗin zai tashi ne a kan gulmar mutum ɗaya, kuma kowacce a cikinku za ta riƙa tunanin ko akwai na uku da babu ita.

In kin je kin yi magana ta kafe sai ta zuba su, shi ke nan, haƙƙinta ne tunda ita ce admin. Sai ki gaya mata a fili cewa za ku buɗe ƙarami, kuma da ita a ciki in tana so. Kafin a zuba kowa, ku yi shawara kowacce ta goge tsohuwar hirar daga wayarta.

Batun ko akwai mai ganin hirarku. Tun watan Afrilun 2016 duk saƙon WhatsApp, har da na guruf, a kulle yake tafiya daga wayar mai turawa zuwa wayar mai karɓa. Kamfanin layi ba ya iya karantawa, shi kansa WhatsApp ɗin ba ya iyawa. Abin da yake gani shi ne lambobinku, sunan guruf, da lokutan da kuke amfani da shi, kuma kada ki manta tun 2014 mallakin kamfanin Facebook ne, wanda yanzu ake kira Meta. In wata ta ce ku koma Telegram ya fi sirri, ki ce mata guruf ɗin Telegram ba shi da irin wannan kullen.

Sai dai ba a hanya sirri yake zubewa ba, a gida yake zubewa. Hirarku tana zaune a waya bakwai, a gida bakwai. Wuta ta ɗauke kwana biyu, an aiki yaro ya kai waya shagon caji a bakin titi, ba kulle a kanta. Ko uwa tana tuƙa tuwo ta miƙa wa ɗan shekara tara ya yi gem don ya bar ta ta sarara, shi kuwa ya iya karatu. Ko wanda na fi gani: ƙawarki tana wanke-wanke a tsakar gida, hannunta da kumfa, saƙon muryarki na minti shida ya shigo, ta danna da gwiwar yatsa ta ajiye wayar a kan turmi, muryarki tana tashi kina kuka kina faɗin abin da uwar mijinki ta ce, abokiyar zamanta kuma tana shanya a igiya taku uku daga nan. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, amma magana ta fita, magana kuwa zarar bunu ce.

Don haka ku zauna ku bakwai ku yi ƙa'ida, ko da kun ga kamar kun wuce nan. Saƙon murya sai da abin kunne ko a kara waya a kunne. Kowacce ta sa wa guruf ɗin kulle na daban, WhatsApp ya kawo wannan tun 2023, hirar takan koma wani ɓoyayyen wuri da sai da yatsa ko lambar sirri ake buɗewa. Ku kunna saƙo mai ɓacewa da kansa. Akwai na awa 24, na kwana 7, da na kwana 90, ni na kwana bakwai nake ba ku shawara, domin damuwar da aka faɗa aka yi rarrashi ba ta da amfanin ajiya. In waya za ta je wurin mai gyara kuma ya nemi lambar buɗewa, a tsaya a kansa ko a cire WhatsApp ɗin tukuna. In wata ta canza layi, a fitar da tsohuwar lambar a ranar, saboda kamfanoni suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Sannan kowacce ta kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin kullen da mutum ke sa wa WhatsApp ɗinsa don kada wani ya buɗe shi a wata wayar, kuma duk wanda ya kira ya ce an turo miki wasu lambobi shida ki karanto masa, ko da ya ce daga guruf ɗin makaranta ne za a yi taro, ɓarawo ne, da lambobin nan ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum gaba ɗaya.

Duk wannan ba zai hana wadda ta yi niyya ɗaukar hoton hira ba. Abin da ke tsare ku a nan tsoron Allah ne da sanin juna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Wadda ta shigo ɗan guruf na mutum bakwai ta rage murya ta ce "don Allah a nan ya tsaya", ai ta waiga. Ku tuna wa juna wannan lokaci zuwa lokaci, tun ba abin da ya faru.

Game da giba, ni ba malama ba ce, ki ƙara tambayar malamanki na Islamiyya, amma ga abin da na sani. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana giba da bin diddigin mutane, ba wasa a ciki. Duk da haka malamai irin su Imam Nawawi sun kawo wuraren da aka yarda a ambaci laifin mutum, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman fatawa ko taimakon gyara. Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, bai kore ta ba, ya ba ta mafita. To ki auna da wannan. In kin ce "maigida ya daina yi mini magana tun ɓarin nan, ya zan yi?" kina neman gyara ne. In kuma hira ta koma kowacce ta kawo nata a yi dariya, wane ya fi wane rowa, an kwaikwayi muryar uwar miji, kun fita daga neman shawara, ko da ku bakwai ne kacal. Ƙaramin guruf yana da wannan haɗarin, saboda daɗin sakewa yana sa baki ya zarce, kuma kowacce ɓangare ɗaya take ji, sai a taru a tunzura mace a kan mijin da ba a ji ta bakinsa ba. Ƙawar kirki a irin wannan wuri ita ce mai iya cewa "a nan kam ke ce ba ki kyauta ba". Sirrin shimfiɗa kuwa babu shi a cikin abin da ake faɗa, ko da wasa. Hadisin Muslim ya sa mai yaɗa shi cikin mafi sharrin mutane a ranar Alƙiyama.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na gan shi a tsakanin layukan wasiƙarki. Kin ce nan kike kuka. Ban ji kin ambaci maigidanki a wurin kukan ba, alhali cikin uku da suka zube nasa ne shi ma. Maza da yawa shiru suke yi a kan irin wannan, a ɗauka ba su damu ba, nan kuwa ba su san ta inda za su fara ba ne. In dare ya yi kin juya baya kina ta rubutu a waya, shi ma ya juya nasa, kowa yana jinyar ciwo ɗaya shi kaɗai. Ki riƙe ƙawayenki, amma ki ɗan rage masa wani abu daga abin da kike kai musu. Haka mahaifiyarki, in tana raye; ta yiwu ita ma ta taɓa ganin irin wannan ba ta taɓa faɗa miki ba.

Na ƙarshe, kuma kada ki ɗage shi. Ɓari uku abu ne da likitocin mata suke bincike a kansa. Wani lokaci ciwon suga ne, ko matsalar maƙoƙo, ko jini mai saurin daskarewa, ko bakin mahaifa da ke buɗewa kafin lokaci, kuma da yawa daga cikinsu ana maganinsu. Wani lokaci a bincika ba a ga komai ba, kuma mafi yawan matan da suka yi ta ɓari suna zuwa su haihu lafiya. Ƙawayenki za su kawo miki sunayen magunguna da jiƙe-jiƙe saboda ƙauna, kada ki sha ko ɗaya sai likita ya gani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, da sashen mata da haihuwa. Ki tattara katunanki na asibiti da duk hoton ciki da aka taɓa yi miki, ki rubuta watannin da kowane ciki ya kai kafin ya zube, ki roƙi maigidanki ku tafi tare, domin akwai gwajin da shi ma za a iya buƙatar ya yi. Ku je tun kafin wani cikin ya shiga.